Yaya Kulu da Kwanon Bayan Ƙofa

A unguwar Koki, idan aka ce dubulan, Kulu ake nufi. Yayata ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Ni sunana Ladi, kuma ni ce mai yi mata suya tun muna 'yan mata. Saboda haka abin da zan faɗa a kanta ba a bakin 'yan unguwa na ji shi ba, a gaban kasko na gan shi, hayaƙi yana shiga mini ido.

Sana'arta kayan gara. Duk wanda ya aurar da 'ya a cikin birni ya san bayan an kai amarya sai an bi ta da gara gidan miji: buhunan abinci, da mai, da bokitan alkaki da nakiya da dubulan, waɗanda dangin ango za su rarraba gida-gida. Buhun shinkafa babu mai kwance shi ya duba. Dubulan kuwa sai an ɗaga shi sama, an juya shi, an tambayi wace ce ta yi. Shekara da shekaru amsar da ake bayarwa ita ce Kulu ta Koki, daga nan kuma magana ta ƙare.

A hannun Goggo Hassana, ƙanwar babanmu, muka koya, don ita ta riƙe mu bayan rasuwar Innarmu. Goggo ba ta duka, ba ta zagi, amma tana da doka ɗaya a kan tabarmar aiki: wadda ta ɓata, ita za ta ci. Dalilinta kuwa babu mai iya musa shi. Abinci ba a zubar da shi, zunubi ne. Aikin da ya karkace kuma ba ya wuce zaure, domin da sunan gida yake fita. To abin da ba a zubar ba, ba a fitar ba, ina ya rage masa in ba ciki ba? Akwai wani tsohon kwano mai murfi da ake ajiyewa a bayan ƙofar ɗakin ajiya. Duk dubulan ɗin da kunnensa ya karye, ko ya yi duhu a mai, ko ya fi 'yan uwansa kauri, can ake jefa shi. In an tashi aiki, mai laifi ta shiga ta turo ƙofa ta cinye abinta, kada ko mutanen gidan su gani.

Ni ban daɗe a kan tabarmar ba. Goggo ta duba hannuna ta ce wannan na daka ne, ta tura ni bakin murhu, kuma har gobe ina yi mata addu'a a kan haka. Kulu ce hannunta ya karɓa. Dubulan kwaɓin fulawa ne da ake murzawa ya yi falen-falen, a yanka, a naɗa a yatsa, a matse shi ya fito da kunnuwa, a soya, sannan a tsoma a ruwan suga. Kowa yana iya yin guda ɗaya mai kyau. Wahalar ita ce a cika faranti su fito kamar an haife su rana ɗaya, wannan kuwa Kulu ta iya shi tun ba ta isa aure ba.

Sai dai duk ƙwarewar nan, kwanon bai taɓa kwana wayam ba. Da hannunta ya ƙara gwaninta, sai idonta ya ƙara kaifi. Abin da Goggo da kanta za ta bari ya wuce, Kulu sai ta tsame shi ta ce kunne ɗaya ya fi ɗaya. Na sha ɗaukar wanda ta ware in juya shi in sake juyawa, in rasa inda laifin yake.

Ta auri Malam Isyaku mai kayan yaji a kasuwar Kurmi, mutumin da ba ya son hayaniya ko ta tukunya ce. Da Goggo ta rasu aka zo rabon kayan ɗakinta, mata suna ta zaɓen atamfa da tasoshi, Kulu ta ɗauki kwanon nan ta sa a cikin mayafi. A sabon gidanta ma ta samar masa wuri a bayan ƙofar ɗakin ajiya. Ta haifi 'ya'ya maza, sannan autarta Bahijja. Gidanta kuwa ko tsinke ba ka gani a ƙasa. In ka zauna mata a gefen gado tana yi maka murmushi, amma idonta yana kan zanin gadon.

A gidan biki Kulu abin misali ce. A kawo mata shinkafa ta yi loma biyu ta ce alhamdu lillahi. Litinin da Alhamis ba sa wuce ta ba azumi. Ni kuwa da nake cin tuwona a fili, in nemi ƙari in an samu, sai mata su ce, “Ladi, ki yi koyi da yayarki mana.” Sai in ce to, in ci gaba da cin abina, don na san abin da ba su sani ba.

Ranar aiki ba ta sa komai a bakinta tun safe, wai abinci yana sa hannu nauyi. Tana naɗi, ina suya, tana tsamewa tana warewa. Bayan azahar, lokacin da rana ta kori kowa ɗaki, sai ta miƙe ta shiga ɗakin ajiya ta turo ƙofa, in ji ƙarar murfi. Wata rana iska ta buɗe ƙofar na gan ta. A tsaye take, fuskarta ga bango, tana turawa da sauri, wani bai wuce ba ta ƙara wani, ko ruwa babu a kusa. Ta fito ta wanke kwanon tas, ta daɗe tana wanke hannu, ba ta yarda mun haɗa ido ba. Washegari ta tashi da azumi, alhali ranar Laraba ce.

Kuma ba 'yan tsiraru take ci ba. Idan ta sami uku ko huɗu marasa kyau a faranti, sai ta ce farantin duka ya tashi daga aiki. “Tunda ya ɓaci, ya ɓaci,” in ji ta, ta juye shi gaba ɗaya a kwano har murfi ya ƙi zama.

Ni ba ni da haƙurin kallon abu in yi shiru. Na ce, “Yaya, ki ba yaran maƙwabta mana.”

Ta ce, “Su fita da shi lungu a ce na Kulu ne?”

“To a ba awaki.”

“Abin da aka sa wa ƙwai da suga? Ki ji tsoron Allah, Ladi.”

“To ni ki ba ni. Kin san ba na mayar da tayi.”

“Ba ke kika ɓata ba.”

Na tambaye ta ko daɗi yake yi mata haka. Ta ce, “Ban ma san ɗanɗanonsa ba. So nake kawai in daina ganinsa.” Wannan maganar ta ba ni tausayi, ta kuma ba ni haushi, na rasa wanne zan nuna mata, sai na koma na ƙara wa murhu itace.

Haka muka yi ta tafiya har jiki ya fara kai ƙara. Ƙishirwa ba ta barinta, ta fara ramewa, sannan ta fara miƙo mini allura in sa mata zare. Da ƙyar Malam ya lallashe ta muka je asibiti. Likitar ta ce ciwon suga ne, kuma ya daɗe. Bayan an duba idon ta ce, “Hajiya, na hagu ya riga ya taɓu. Na daman nake so mu tsare. In suga ya ci gaba da hawa haka, shi ma zai bi ɗan uwansa.”

Kulu ta ce, “Likita, ni fa ba ni da ci. Ki tambayi kowa.”

Na yi gyaran murya. Ta taka mini ƙafa. Likitar ta dube mu duka biyu, ta tambaye ta a hankali ko akwai lokacin da take cin abu mai yawa a tashi ɗaya, ita kaɗai, har ta kasa tsayawa. Kulu ta ce babu. 

Dokar likita ta riƙe ta yadda take riƙe komai. Acca, wake, zogale, komai da ɗan kofin awonsa, magani a kan lokaci. Na fara murna na ce an samu lafiya. Ashe dokar ma faranti ce a wurinta. Wata rana tana dafa ruwan suga ta manta ta ɗiga a yatsa ta lasa, kamar yadda ta saba yi tun tana yarinya don ta ji ko ya yi kauri. Sai na ga ta tsaya cak.

“Na karya,” ta ce.

“Yaya, ɗigo ɗaya ne.”

“Ɗigo ɗaya ko daro ɗaya, ai na riga na karya. Gobe na sake sabo.”

Ranar ta ci abin da ta yi makonni ba ta ci ba. A wurin Kulu babu rabi, ko abu ya cika cif, ko kuma babu shi. Ran nan na gane ba yunwa ke kai ta ɗakin nan ba, kuma ba kwaɗayi ba ne.

Ana cikin haka aka sa ranar auren Bahijja da Nazeer, wani yaron kirki ɗan Gwale. Bahijja malamar firamare ce. Tun tana ƙarama ta ƙi zaman tabarmar aiki, uwar kuma ba ta matsa mata ba, zaƙi ma bai dame ta ba. Ita ta fara cewa a ba wata aikin garar, Umma ta huta. Kulu ta dube ta kamar ta zage ta. 'Yar mai dubulan a kai ta da dubulan ɗin wata? Koki da Gwale duka za su zuba ido a kan bokitan nan, kuma gaskiyarta ne, za su zuba.

Aka fara aiki, abin da nake tsoro ya faru. Idon ya dushe, hannu ya fara kuskure na gaske, ba irin na da da ita kaɗai ke gani ba. Sai ta bi su da yatsa ɗaya bayan ɗaya, ta ware. Kwano ya cika tun kafin hantsi, ta ɗauko daro. Lissafin ba shi da wuya ko ga irina: ido yana dushewa, ɓarna tana ƙaruwa, ɓarnar tana shiga cikinta, suga yana hawa, ido yana ƙara dushewa. Na tare Malam a zaure na gaya masa. Ya ce, “Ki yi mata magana, ke take ji.” Na ce Malam, da tana jin nawa da ba mu kai nan ba.

Sai na sami Bahijja a ɗaki an gama yi mata lalle, tana zaune ta baje hannuwa suna shan iska. Na fara kewaye-kewaye, abin da ban iya ba. Ta katse ni.

“Anti, tun ina ƙarama nake jin ƙarar murfin nan. Na ɗauka in na yi kamar ban sani ba, na rufa mata asiri ne.”

Na ce, “Daro ne yau, ba kwano ba.”

 Bayan azahar Kulu ta ɗauki daron ta shiga ɗakin ajiya. Kafin ƙofa ta rufu Bahijja ta sa ƙafa, ta shiga ta zauna a ƙasa a gaban daron. Ni na tsaya a bakin ƙofa da matsamin suya a hannu.

“Tashi ki fita,” in ji Kulu.

“Umma, garar wa ce?”

“Taki ce. Tashi.”

“To in ta ɓaci, tawa ce ta ɓaci. Duk ɗayan da kika ci, ni ma zan ci ɗaya.”

Kulu ba ta saba a tsaya mata a gaba ba. Ta ɗauki ɗaya ta sa a baki tana kallon yarinyar. Bahijja ta ɗauki ɗaya ta ci. Kulu ta ƙara, Bahijja ta ƙara. Ƙarar tauna kawai ke tashi. Ruwan suga yana bin yatsun amarya yana sauka kan sabon lalle. Yarinyar da ko shayi ba ta sa wa suga da yawa, ga ta tana tura dubulan da sauri kamar uwarta, idonta ya kawo ruwa, tana haɗiya da ƙyar. Ban taɓa jin tsoro a gidan nan irin na ran nan ba, don na san taurin kan su biyun, a nono 'yar ta tsotso shi.

Da Bahijja ta fara yunƙurin amai amma ta sake miƙa hannu, Kulu ta cafke mata wuyan hannu.

“Ya isa.”

“Ke ma ya isa, Umma.”

Kulu ta dubi daron. Har yanzu ya fi rabi. Muryarta ta yi ƙasa, ta ce, “To ina zan kai su?” Ba gardama take yi ba. Tambaya ce ta gaske, wadda tun a tabarmar Goggo ba ta sami amsarta ba.

“Gidana,” in ji Bahijja. “A zuba su cikin sauran. Duk wanda ya ga karkatacce ya ci ko ya bari. Ni so nake in Allah ya ba ni haihuwa ki zo ki ga abin da na haifa da idonki, ba a kama hannunki a ɗora miki a fuskarsa ba.”

Kulu ta saki hannun, ta zauna a kan buhun fulawa.  Daga baya ta ce ita hannunta ba zai iya ba. Na ce nawa zai iya, ai na daka ne. Na ɗauki daron na bi bokitan ina zubawa ina cakuɗawa, ita kuma ta juya fuskarta ga bango har na gama.

Ina cikin waɗanda suka kai garar Gwale. Da so samu ne in ce babu wanda ya lura, amma ƙarya ke nan. Hajiya Sadiya, goggon ango, ta buɗe bokiti ta ɗaga ɗaya sama, kuma kamar an aiko ta, mai karyayyen kunne ta ɗauko.

“Wannan na Kulu ne? Allah sarki. Tsufa ya zo.”

Amsa ta zo mini har baki, na tuna gidan surukai nake, na haɗiye ta. Sauran mata suka ci suka sa albarka, Hajiyar ma ta cinye wanda ta ɗaga ta ƙara wani.

Da na koma na tarar da Kulu a tsakar gida a kan kujerar tsugunno, tana jirana.

“Me aka ce?”

Na gaya mata yadda aka yi, ban rage ba, don ko na rage maganar za ta iso ta kafin magariba. Ta miƙe ta nufi ɗakin ajiya. Na san kuwa akwai ragowar alkaki a ciki. Na ji ƙarar murfi. Sai ga ta ta fito da kwanon, babu komai a ciki, ta miƙo mini.

“Tafi da shi gidanki. Ko na aiko a karɓa, kada ki bayar.”

Ta aiko kuwa, ba sau ɗaya ba, na ce a gaya mata ban san inda na sa shi ba. Kuma kada a ɗauka ta warke. Mai son ci ba sai da kwano ba. Akwai ranakun da nake zuwa in tarar da ita da azumin da ba na Litinin ba, in gane abin da ya faru jiya. Bambancin shi ne yanzu takan ce, “Ladi, jiya na yi,” mu zauna tare, in zuba mata acca ta ci. Ta koma wurin likitar ta ba ta amsar gaskiya. Waɗanda suka karkace yanzu a leda nake ƙulla su in fita da su, kuma har yau ba ta kallon wajen idan ina ƙullawa. Wasu masu ba ta aiki sun koma wurin wata a Jakara, wasu suna nan. Idon hagu ya tafi gaba ɗaya.

Bara Bahijja ta haifi namiji. Ranar suna ɗaki ya cika da mata, aka miƙa wa Kulu jariri. Ta matsa bakin ƙofa inda haske yake, ta karkata kai, ta kawo shi daidai idon dama. Ta daɗe tana dubawa, tun daga goshi har haɓa, irin duban da na sani.

“Kunnensa ɗaya ya fi ɗaya,” ta ce.

 Bahijja ta dube ni, na dube ta. Kulu ta gyara masa zani, ta ƙara matso da shi kusa da fuskarta. Mata suka yi ta miƙo hannu a ba su, ta ƙi ba kowa har aka kira la'asar.